Na kawo gyara a coci, yanzu dattawa ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa

"Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, sannu da hidima. Don Allah a sakaya sunana. Ni fasto ne, shekarata 34, wata 14 kenan da aka turo ni wata tsohuwar ikilisiya wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Na tarar tun bayan kullen korona na 2020 mutane ba su gama dawowa ba, musamman matasa, wasu sun koma wasu coci, wasu kuma a waya suke kallon sujada suna kwance. Ganin haka na tashi tsaye. Na rage sujada daga awa uku zuwa biyu, na sa majigi na kwashe littattafan waƙoƙi na kai sito, na ba matasa jita da kibod da ganguna, na fara nuna sujada kai tsaye a Facebook. Matasa kaɗan sun dawo, amma dattawa sun juya mini baya. Mamar da ta yi shekara 30 tana jagorancin mawaƙa ta daina zuwa gaba ɗaya. Shugaban dattawa kuwa duk abin da na kawo a mitin sai ya ce ba haka muka saba ba. Baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a coci, ya ragu. Matasa na cewa in na ja da baya za su tafi, matata kuma ta ce in nemi tiransifa kafin hawan jini ya kama ni. Ni ban ga laifina ba, coci na mutuwa nake so in ceto. In maida komai yadda yake da? In ci gaba wanda zai tafi ya tafi? Ko in tattara in bar musu?"

Fasto, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma bari in fara da cewa ban ga mugun nufi a cikinta ba ko kaɗan. Wanda bai damu ba, da ya zo ya tarar da rabin benci babu kowa, wa'azinsa zai yi ya karɓi albashinsa ya ja bakinsa ya yi shiru. Kai abin ya hana ka barci, wannan kuwa zuciyar makiyayi ce. Amma koma ka sake karanta abin da ka rubuto, ka ƙirga sau nawa ka ce "na". Na rage, na sa, na kwashe, na ba, na fara. Na duba ko zan ga "muka zauna" ko sau ɗaya ban gani ba, kuma ina jin a nan ne gizo ke saƙar.

Akwai wani malami a jami'ar Harvard ta Amurka, Ronald Heifetz, likitan ƙwaƙwalwa ne tun asali kafin ya koma koyar da shugabanci, a littafin da ya fitar a 1994 ya raba matsalolin da shugaba ke fuskanta gida biyu, kuma tun da na san wannan rabon nake ganinsa a kowace ikilisiya. Akwai matsalar da an riga an san maganinta, gwani kawai za a kira, rufin coci na yoyo a kira kafinta, lasifika na ƙugi a kira mai gyara, lissafin baiko ya rikice a samo akanta, shi kenan an wuce wurin. Akwai kuma wadda babu gwanin da zai zo daga waje ya gyara, don mutanen da ke cikinta su ne za su canja, sai sun saki wani abu da suke ƙauna sun koyi wani abu da ba su iya ba. Shi da abokin aikinsa Marty Linsky sun sha nanata cewa inda shugabanni suka fi faɗuwa shi ne su ɗauki matsala ta biyu su ba ta maganin ta farko. To tafiyar matasa daga coci irin ta biyu ce, majigi kuwa maganin irin ta farko ne. Ka sayo shi rana ɗaya, an rataya shi rana ɗaya, amma tambayar me ya sa 'ya'yanmu ba sa jin nan gidansu ne, wannan tana nan zaune ba wanda ya taɓa ta, kuma ba tambayarka ba ce kai kaɗai, ta iyayensu ce da kakanninsu da su kansu yaran.

Yanzu buɗe Ezra sura 3 ka karanta ƙarshenta a hankali, don a ganina cocinka ne aka zana a wurin. Mutane sun dawo daga bauta a Babila, an kafa harsashin sabon haikali, firistoci na busa ƙahoni, Lawiyawa na kaɗa kuge, jama'a suka ɓarke da sowa. Amma tsofaffin da suka taɓa ganin haikalin Sulemanu da idonsu kafin a rushe shi kimanin shekara 50 da suka wuce, su kuka suka fashe da shi, da ƙarfi kuwa, har aka kasa bambance sowar murna da muryar kuka, daga nesa ƙara ɗaya ake ji. Ka lura da abu biyu. Babu inda aka ce an tsawata wa tsofaffin nan don sun ɓata biki, kuma ba kukansu ne ya tsayar da ginin ba. An bar su sun yi kukansu a tsakiyar taro. Kai kana jin sowar matasa kana murna, kukan tsofaffi kuma ka fassara shi da taurin kai. Ni na fi zaton makoki suke yi. Mutane ba kasafai suke gudun sabon abu don sabo ne ba, ai dattawan nan naka suna riƙe da waya suna kiran jikoki ta bidiyo, abin da suke gudu shi ne asara, kuma kowane gyara da ka kawo akwai wanda ya biya kuɗinsa ba tare da an tambaye shi ba.

Bari in ba ka labarin kaina don kar ka ce ina maka wa'azi daga sama. A shekarata ta farko a hidima akwai wani tsohon agogon bango a bayan mumbari, gilashinsa ya tsage, ya tsaya cak a kan ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ranar wata Asabar na hau kujera na sauke shi na rataya sabo mai batir, ina jin kaina ɗan gyara. Lahadi wani Baba da bai taɓa fashin sujada ba ya shigo, ya ɗaga kai ya kalli bangon, ya daɗe a tsaye da hularsa a hannu, sannan ya zauna bai ce komai ba, bai kuma rera ko baiti ɗaya ba ranar. Sai bayan sati uku wata Mama ta ja ni gefe ta ce ɗana, agogon nan shi ya kawo shi shekarar da matarsa ta rasu, don tunawa da ita. Ni ƙarfen banza na gani, shi kuwa duk Lahadi matarsa yake gaisarwa. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma fasto a wata 14 har yanzu baƙo ne, ko da shi ke riƙe da makullin ofis.

To ka sa kanka a takalmin Mamar nan ta mawaƙa... a'a, bari in faɗa maka yadda abin yake a wurinta kawai. Shekara 30 tana zuwa gwaji da yamma, ruwa ko rana, ta san lambar waƙoƙi da ka, ta san wadda ake rerawa a jana'iza da wadda ake yi ranar baftisma, watakila ita ta rera a auren iyayen yaran da ke riƙe da jitar yanzu. Rana ɗaya ta zo ta tarar an kwashe littattafai an kai sito, wani yaro sa'an jikanta na tsaye a inda take tsayawa, ba wanda ya zo gida ya ce Mama ga abin da muke tunani, ba wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce mun gode. Me kake so ta ji in ba an ce mata aikinki ya ƙare ba? Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙararka ko'ina ba, ta zauna a gida ne kawai, kuma irin wannan shirun ya fi hayaniyar mitin nauyi.

Shugaban dattawa kuma kar ka yi saurin yanke masa hukunci. "Ba haka muka saba ba" jimla ce mai ɗaukar kaya da yawa. Wani lokaci ma'anarta ba ka tambaye ni ba, wani lokaci ina tsoron kar a zubar da abin da iyayenmu suka sha wuya a kai, wani lokaci kuma, gaskiya dai, ma'anarta ikon da nake da shi yana zamewa daga hannuna. Ba za ka san wanne ba ne a cikin mitin inda kowa ke kare mutuncinsa, sai ka je gidansa kai kaɗai. Ka tuna Rehobowam a 1 Sarakuna 12, dattawan da suka yi wa ubansa Sulemanu hidima suka ce masa ka sassauta wa mutanen nan ka yi musu magana mai daɗi za su bi ka har abada, ya watsar ya ɗauki shawarar samarin da suka tashi tare, kabila goma suka ɓalle. Bulus ma ya gaya wa Timoti, wanda shi ma matashi ne a hidima kamarka, kar ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba, tsofaffin mata kuma kamar uwaye.

Amma kar ka ji kamar na koma bayan dattawa gaba ɗaya, ban koma ba. Tsufan abu ba ya mai da shi mai tsarki. Macijin tagullar da Musa ya yi a jeji bisa umarnin Allah ne, mutane sun dube shi sun rayu, amma da aka wayi gari ana ƙona masa turare sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, yana nan a 2 Sarakuna 18, kuma an yaba masa. Waƙoƙin nan ma da ake kare su kamar da su aka sauko daga sama, a zamaninsu su ne sabon yayi. Lokacin da Isaac Watts ya buga waƙoƙinsa a Ingila a 1707, coci da yawa Zabura kaɗai suke rerawa, kuma an samu masu ganin rera kalmomin da ɗan Adam ya tsara a sujada ƙetare iyaka ne. Katolika kuma bayan babban taronsu na Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofar yin sujada da harsunan mutane maimakon Latin kaɗai, amma har gobe akwai masu kewar ta da. Wato ikilisiya ta saba canja riga, kuma duk lokacin da ta canja sai an sha kuka. In kiɗa ya canja dole rawa ta canja, a nan kana da gaskiya. Inda ka yi tuntuɓe shi ne sauri, da kuma yin abin kai kaɗai.

Matasan naka ma ina da magana a kansu. "In ka ja da baya za mu tafi" barazana ce, ba ta da bambanci da ta dattijon da ya riƙe baikonsa, kuma in ka bari aka saba jan ka da ita, gobe wani abu za a nema da irin wannan muryar. Sannan ka ce kaɗan ne suka dawo. To sauran fa? Ka taɓa zama da waɗanda ba su dawo ba ka tambaye su dalili? Ina tsammanin in ka yi za ka ji abin da bai shafi kibod ba sam. Wani tambaya yake da ita a kan bangaskiya ya taɓa yi aka ce masa ya cika rashin kunya, wata kuskure ta yi aka yi ta nuna ta da baki har ta daina zuwa, wani kuma shekararsa talatin amma har yau aikinsa a coci jera kujeru, ba a taɓa sa shi inda ake yanke shawara ba. Irin waɗannan ko ka cika coci da ganguna ba za su dawo ba.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Daga yau har wata uku kar ka ƙara kawo sabon abu ko ɗaya, kar kuma ka rushe waɗanda ka riga ka kawo, a bar tukunyar ta ɗan huce. A cikin watannin nan aikinka ziyara ce, gida gida, dattawa da matasa har da waɗanda suka tafi, da ɗan littafi a aljihu, tambaya biyu kawai: me kake tsoron mu rasa a cocin nan, kuma wane irin coci kake so jikokinka su tarar. Kar ka kare kanka ko an faɗi abin da ya yi maka zafi, rubuta kawai ka yi godiya. Za ka sha mamakin yadda amsar tambaya ta biyu za ta zo kusan iri ɗaya daga bakin ɗan shekara 70 da ɗan shekara 20, don dattijon da ke ƙin jita shi ne kuma ke kwana yana addu'a a kan ɗansa da ya daina zuwa sujada.

Bayan haka ka tsaya gaban majalisar dattawa ka nemi gafara, amma ka san a kan me kake nema. Ba a kan son matasa su dawo ba, wannan ba laifi ba ne kuma kar ka janye shi. Ka ce Baba, na yi gaggawa, na taɓa abubuwan da ban san tarihinsu ba, ban nemi shawararku ba, ku yafe mini. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ma waɗannan ba wadanni ba ne, iyaye ne. Sannan ka ajiye rijistar masu zuwa sujada a kan tebur, ta shekarun baya da ta bana, da yawan yaran da aka yi wa baftisma da yawan waɗanda har yanzu suke zuwa, ka ce ga halin da muke ciki, ni kaɗai ba ni da amsa, yaya za mu yi? Ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, zai yi nauyi, za ka ji kamar ka cike shi da shawararka, daure kar ka cike. Muddin kai ne mai kawo amsa su kuma masu cewa a'a, wasan ba zai ƙare ba, amma ranar da matsalar ta koma hannunsu dole su fara tunani a kanta.

Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni 6. Masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni ana manta da gwaurayensu mata wurin rabon abinci na kullum, su goma sha biyun ba su ce ku yi shiru ba, ba su kuma shiga ɗaki sun fito da tsari ba, cewa suka yi jama'a su zaɓi mutum bakwai da kansu. Duba sunayen da aka zaɓa, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duka sunayen Helenanci ne, alamar dai ɓangaren da ya yi kukan aka damƙa wa aikin. Kai ma ka sa a kafa ɗan kwamitin sujada, dattawa su zaɓo nasu, zumuntar mata nasu, matasa nasu, kar ka zaɓa wa kowa. Aikinsu na farko su raba abin da ba a taɓawa da abin da sabo ne kawai. Bishara, baftisma, Jibin Ubangiji, koyarwar Littafi Mai Tsarki, waɗannan suna gefe guda. Tsawon sanarwa, wa ke zama a benci na gaba, da me ake kiɗa, waɗannan a tattauna. Duk abin da suka amince a ce gwaji ne na wata uku, a dawo a duba, don mutum ya fi yarda da a gwada fiye da an canja har abada.

Hanyoyin suna da yawa. Littattafan waƙoƙi su dawo kan benci majigi kuma ya ci gaba da aiki, ai ba kishiyoyi ba ne, mai ciwon ido ma zai gode wa manyan haruffan allo. A rera tsofaffin waƙoƙi biyu duk Lahadi, Mamar mawaƙa ta koya wa 'yan jita yadda ake ɗaukarsu. Facebook ɗin da ake gani kamar kayan yara, a sa matasa su riƙa kai waya gidan tsofaffin da ciwo ya kwantar su bi sujada tare, nan da nan za ka ji yabonsa daga bakin da ya fi kushe shi. In an gwada haɗawa abin ya ƙi, ana iya raba sujada biyu, ta safe yadda aka saba, ta biyu da sabon salo, amma ina jan kunnenka, wannan hanyar tana da sauƙi kuma tana iya haifar da coci biyu a rufi ɗaya waɗanda ba su san sunan juna ba, in za ku bi ta to a riƙa haɗuwa gaba ɗaya duk ranar Jibin Ubangiji. In kuma shugaban dattawa ya toshe kowace ƙofa, ko ka gano rigimar ta kuɗi ce ko ta mulki aka lulluɓe da rigar al'ada, kar ka yi kokawa da shi kai kaɗai, ka nemi wani babban fasto da ku duka kuke jin nauyinsa ya zauna a tsakani.

Ka kuma shirya ranka, ko ka yi komai daidai wasu za su tafi, ta wannan ɓangaren ko ta wancan. Ba za ka iya hana kowa jin zafi ba, abin da ke hannunka shi ne kar zafin ya zo musu gaba ɗaya rana ɗaya, kuma kar ya zo daga wanda bai taɓa zama a falonsu ba.

Maganar matarka, Mama Fasto, kar ka ɗauke ta da wasa, ita ke ganin fuskarka in ka dawo daga mitin, ita ce kuma matan coci ke yi wa kallon da ba za su iya yi maka ba. Je ka a auna jininka, ka ware rana ɗaya a sati da ba ta coci ba, ka samu aboki fasto a wata ikilisiya da za ka riƙa sauke masa kaya don kar duka su ƙare a kanta. Yetro ya gaya wa surukinsa Musa a Fitowa 18 cewa in ya ci gaba da ɗaukar komai shi kaɗai zai gaji ya gajiyar da mutane, kuma Musa ne fa. Tiransifa ba zunubi ba ce, amma ban ga lokacinta ya yi ba. In ka tafi yanzu za ka bar matasa da jin an yashe su, dattawa da jin sun kori fasto, wanda zai gaje ka kuma ya tarar da ƙofar gyara an sa mata kwaɗo, kai ma ka kai wannan saurin sabon wuri. Ba wa abin shekara guda kana bin wannan hanyar. In bayan nan lafiyarka na taɓuwa ko gidanka na girgiza, ko shugabanninka na sama sun ga zamanka ya zama abin tuntuɓe, sai ka tafi da sallama mai kyau ba da fushi ba.

Amma wannan satin, tun kafin mitin da kwamiti da komai, gidan Mamar mawaƙa za ka fara zuwa. Ku je da Mama Fasto, kar ka shirya jawabi. Shiga sito ka ɗauko ɗaya daga cikin littattafan nan ka kakkaɓe ƙurarsa, in kun gaisa ka ba ta haƙuri, ka miƙa mata shi ka tambaye ta wace lamba ta fara jagoranta shekara 30 da suka wuce. In ta fara rerawa kar ka duba agogo. Watakila ba za ta dawo Lahadin nan ba, ko ta gaba, ka sake komawa. Ka rubuto mini bayan wata uku in ji yadda ake ciki, ka gaishe mini da Mama Fasto.